Cadouin: ƙauyen Faransa da ya shekara 700 yana neman tubarraki da ƙyallen halifan Misira

A kudu maso yammacin Faransa, a yankin Dordogne, tsakanin garuruwan Bergerac da Sarlat, akwai wani ɗan ƙauye a cikin kwari wanda daji ya yi wa ƙawanya. Sunansa Cadouin, Faransawa na furta shi kamar "Kaduwan". Mutanensa 'yan ɗaruruwa ne, in ka taka da ƙafa kafin shayinka ya huce ka gama zaga shi. A tsakiyarsa akwai rumfar kasuwa mai ginshiƙan dutse, sai wani tsohon coci da ya fi ƙarfin garin nesa ba kusa ba. Tun 1974 ma aka haɗe ƙauyen da maƙwabcinsa aka yi ƙaramar hukuma guda, Le Buisson-de-Cadouin.

Amma akwai lokacin da sarakunan Faransa suka san sunan wurin nan, manyan birane suka yi shari'a a kansa. Dalili kuwa ƙyalle ne guda ɗaya na farin lilin, tsawonsa mita 2.81, faɗinsa mita 1.13, da layukan ado na alharini a bakinsa biyu. Mutanen Cadouin sun yi imani cewa wannan shi ne mayafin da aka rufe kan Annabi Isa (AS) da shi a cikin kabari. Sama da shekara 700 ana zuwa a durƙusa a gabansa. Sai a 1934 aka sami wanda ya karanta abin da ke jikin adon, ashe rubutun Larabci ne, kuma da bisimilla ya fara.

Kafin mu kai nan, bari mu fara da abin da ya sa ƙyalle zai yi irin wannan daraja. A wurinmu Musulmi, Annabi Isa (AS) bai mutu a kan gicciye ba, ɗauke shi aka yi, don haka zancen likkafani bai ma taso ba. Maƙwabtanmu Kirista kuwa aƙidarsu ita ce ya mutu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. Linjilar Yohanna ta ba da labarin cewa da almajiransa suka shiga kabarin sun tarar da likkafanin a ajiye, mayafin kan kuma a naɗe a gefe shi kaɗai. To ka ga ga mai wannan imani, duk ƙyallen da aka ce daga kabarin nan ya fito, ai ya taɓa jikin wanda yake bauta wa kenan. Babu zinariyar da za ta kai shi.

Shi kansa ƙauyen, gidan zuhudu ne ya haife shi. A 1115 wani mai wa'azi da ake kira Géraud de Salles ya tara 'yan zuhudu a wannan kwari, mutanen da suka bar aure da dukiya don ibada. A 1119 suka shiga ƙungiyar Cîteaux, masu fararen tufafi, waɗanda aka sani da tsanani: aikin gona, ƙarancin magana, gujewa ado a gini da sutura. A 1154 aka keɓe cocinsu. Manoma da masu sana'a suka riƙa kafa gidaje a ƙofar gidan, gari ya tashi.

Yadda ƙyallen ya shigo hannunsu, 'yan zuhudun suna da labarinsu, kuma labari ne mai daɗin ji. Farkonsa ya samo tushe daga wani bishop mai suna Arculf da ya ziyarci Ƙudus wajen shekara ta 680, ya koma ya ba da labarin abin da ya gani aka rubuta. Ya ce ya ga mayafin kan Almasihu a can, tsawonsa kamar taku 8, kuma an gaya masa cewa an taɓa yin jayayya a kansa tsakanin ɓangarori biyu na mutanen birnin, har aka kai ƙara gaban sarkin Larabawa, wato Halifa Mu'awiya. Wai sai halifan ya sa aka hura wuta aka jefa mayafin, mayafin ya tashi sama bai ƙone ba, ya sauka a wajen masu bin Almasihu. Labari ne na Kiristocin wancan zamani, haka nan suka riƙa yaɗa shi. Mutanen Cadouin suka ce ai nasu ne wannan mayafin. Suka ƙara da cewa a yaƙin 'yan Salibiyya na farko, Bishop Adhémar na garin Le Puy, wakilin Paparoma a cikin rundunar, shi ya same shi a Antakiya. Da ya rasu a can a 1098 sai mayafin ya bi hannu har ya faɗa wajen wani limamin coci ɗan yankin, ya kawo shi gida ya ajiye a ƙaramin cocinsa kusa da Cadouin. Gobara ta cinye cocin, mayafin ya tsira, 'yan zuhudu suka ɗauke shi.

Takardu kuwa ba su kai nan ba. Rubutu na farko da ya ambaci mayafin na 1214 ne, lokacin da Simon de Montfort, jagoran yaƙin da aka yi da 'yan ɗariƙar Katar a kudancin Faransa, ya yanka wa gidan kuɗi don girmama shi. Kusan shekara 100 kenan bayan kafa gidan. Duk da haka ya girmi shahararren likkafanin nan na Turin a rubuce, don shi sai a tsakiyar ƙarni na 14 aka fara jin ɗuriyarsa.

A Turai ta wancan zamani, garin da ke da irin wannan kaya ya tsinci dami a kala. Masu ziyarar ibada za su zo da kyandir da sadaka, marasa lafiya za su zo neman waraka, masu kuɗi za su bar wa gidan gonaki a wasiyya. Kowane baƙo kuma sai ya ci, ya kwana, ya sai wa dokinsa ciyawa. Mai masauki, mai gashin burodi, maƙeri, kowa na da rabo. Shi ya sa ake tsaron mayafin kamar ƙwayar ido, cikin akwatin da ake ratayewa da sarƙoƙi can sama a rufin cocin, sai a wasu ranaku na shekara ake sauko da shi a nuna wa jama'a.

Abin da ke da daraja kuwa ba ya rasa masu haƙo. A lokacin Yaƙin Shekara Ɗari tsakanin Faransa da Ingila, yankin Dordogne ya zama bakin daga, yau gari na hannun wannan gobe na hannun wancan. A 1392 shugaban gidan, Bertrand de Moulins, ya ji tsoron kada Ingilishi su kwashe mayafin, sai ya sulale da shi zuwa birnin Toulouse aka ajiye a cocin Taur. A wannan shekarar ce kuma Sarki Charles na 6 ya fara samun taɓin hankali. Da magani ya gagara, a 1399 aka sa aka kai mayafin har Paris ko sarki zai sami sauƙi. Bai samu ba, da ciwonsa ya mutu a 1422. Mayafin ya koma Toulouse.

Daga nan sai ajiya ta zama mallaka. Mutanen Toulouse sun ɗanɗana, sun ga yadda baƙi ke tururuwa, suka ce ai ba inda za shi. Yaƙi ya ƙare a 1453, Cadouin ta zama kango, 'yan zuhudun da suka rage ba su da abin gyara rufi. Wajen 1455 sai wasu matasa daga cikinsu suka shiga Toulouse da sunan karatu, suka yi dabarar sassaƙa makullai na jabu, suka buɗe ma'ajiyar suka gudu da kayansu. Ko wannan sata ce ko ƙwatar haƙƙi, na bar wa malaman fiƙihu. Don kada a biyo sawu, suka kai shi ajiya wani gidan zuhudu na ƙungiyarsu a Aubazine. Kai, ashe ba su ji a jikinsu ba: su ma na Aubazine suka riƙe. Sai a 1463, da sa bakin Sarki Louis na 11, mayafin ya dawo gida bayan shekara 71.

Dawowarsa ce ta sake tayar da garin. Da tagomashin sarki da kuɗin masu ziyara aka sake gina farfajiyar cikin gidan, wadda baranda ta kewaye ta ta fuska huɗu, aka yi mata sassaƙar dutse kamar an yi da allura. Aikin ya ɗauki ƙarshen ƙarni na 15 har cikin na 16. Ita ce yau baƙi suke biyan kuɗi su shiga kallo.

Masu shakka ba su taɓa ƙarewa ba. A 1543 Jean Calvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, ya rubuta ɗan littafi yana yi wa harkar kayan tubarraki ba'a. Ya lissafo garuruwan da kowannensu ke iƙirarin shi ke da likkafanin Almasihu, har da Cadouin a ciki. Hujjarsa mai sauƙi ce, mutum ɗaya ba zai bar likkafani barkatai haka ba. Da yaƙin addini ya ɓarke tsakanin Katolika da Furotesta sai aka ɓoye mayafin shekaru da dama a gidan sarauta na Montferrand da ke kusa. Bayan ƙura ta lafa, wajen 1644, bishop na Sarlat, Jean de Lingendes, ya zo da tawagarsa ya sa aka shimfiɗa mayafin, ya duba shi, ya duba takardun gidan, ya sa hannu cewa na gaskiya ne. Rubutun Larabcin yana nan a gaban idonsa lokacin da yake dubawa.

Juyin juya halin Faransa ya rufe gidan zuhudun, aka yi gwanjon kayansa a 1791, aka ƙona takardunsa da dama. Magajin garin, Pierre Bureau, shi ya ɓoye mayafin har aka sake fito da shi a 1797. A 1866 Bishop Dabert na Périgueux ya farfaɗo da ziyarar da gagarumin biki, jirgin ƙasa kuma ya riga ya iso Le Buisson, don haka kowane watan Satumba ƙauyen kan cika ya batse.

Haka ake ciki har farkon shekarun 1930, lokacin da wani fada ɗan ƙungiyar Jesuit, Francez, ya sami izinin duba mayafin da kyau. Layukan adon nan suka tsaya masa a rai. Tsakanin 'yan taurari da zane-zanen akwai wasu siffofi masu tsaye da kwance da ke maimaituwa kamar haruffa. Ya aika da hotuna ga Gaston Wiet, Bafaranshe masanin rubutun Larabci na da, wanda a lokacin shi ne shugaban gidan tarihin fasahar Larabawa a Alƙahira. Wiet ya karanta. Rubutun Kufi ne. Bayan bisimilla sai kalmar shahada, sai ambaton Aliyu a matsayin waliyyin Allah, sai salati ga Annabi (SAW) da iyalan gidansa. Sannan ga sunan mai mulki, Imam al-Musta'ali Billahi, sarkin muminai, ga na wazirinsa, al-Afdal.

Da wannan magana ta ƙare, domin al-Musta'ali halifan daular Faɗimiyya ne a Misira, ya yi mulki daga 1094 zuwa 1101, wato 487 zuwa 495 bayan Hijira. Ƙyallen da aka saƙa da sunansa ba zai girmi waɗannan shekaru ba. Tsakaninsa da zamanin Annabi Isa (AS) akwai sama da shekara 1,000.

Faɗimawa 'yan Shi'a ne Isma'iliyya, su suka kafa Alƙahira a 969 suka gina masallacin Azhar, shi ya sa aka ga ambaton Aliyu a bayan shahada, haka suke yi a kuɗinsu da gine-ginensu. Sunayen nan biyu kuma ba ƙananan sunaye ba ne. Al-Afdal ɗan Badar al-Jamali ne, wani kwamanda ɗan asalin Armeniya da ya riƙe daular da ƙarfin soja. Da Halifa al-Mustansir ya rasu a 1094, al-Afdal ya tsallake babban ɗa, Nizar, ya naɗa ƙaninsa al-Musta'ali, saurayi wanda zai iya juyawa. Nizar ya yi tawaye a Iskandariyya, aka kama shi, ya mutu a tsare. Wannan naɗi shi ya raba Isma'iliyya gida biyu har gobe: mabiya Aga Khan daga ɓangaren Nizar suka fito, Bohra na Indiya daga ɓangaren al-Musta'ali. Ka ji irin rigimar da manoman Dordogne suke sumbatar shaidarta ba su sani ba.

Irin wannan ƙyalle ana ce masa ɗirazi. Masaƙu ne na gwamnati a garuruwan bakin kogin Nilu, irin su Dimyaɗ da Tinnis, suke saƙa lilin mai laushi su sa sunan halifa a baki da alharini. Halifa kan raba su ga manyan fada da jakadu, kusan yadda sarki a wurinmu kan yafa wa wanda ya naɗa alkyabba. Sunan da ke jiki shi ne shaidar daga ina kyautar ta fito.

Wani abin sha'awa shi ne, karatun Wiet ya rushe labarin kabari amma ya ƙarfafa labarin yaƙin Salibiyya. Shekarun al-Musta'ali su ne daidai shekarun yaƙin farko. A farkon 1098, sa'ad da Turawa ke kewaye da Antakiya, al-Afdal ya aika musu jakadu, yana ganin zai iya haɗa kai da su a kan abokan gabarsa Turkawa Saljuƙawa. A wannan shekarar ya karɓe Ƙudus daga hannun Turkawa, Turawan kuma suka ƙwace ta daga hannunsa a watan Yulin 1099 da kisan da tarihi bai manta ba. Bayan wata guda suka auka wa sansaninsa a Asƙalan suka kwashi ganima mai yawa. Masana tarihi na ganin ta ɗaya daga cikin hanyoyin nan, kyautar jakadu ko ganimar yaƙi, ƙyallen ya faɗa hannun Turawa. Kaya mai kyau da ya fito daga Ƙasa Mai Tsarki, in ya shekara 100 a cikin akwatin coci, ba wuya labari ya tsiro masa.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, ya aka yi shekara 700 ba wanda ya gane? Ba wai Faransa ta rasa masu Larabci ba ne. Tun 1143 aka fassara Alƙur'ani zuwa Latin bisa umarnin shugaban gidan zuhudu na Cluny, a ƙarni na 16 kuma ana koyar da Larabci a Paris. Sai dai Kufin ado wuyar karatu gare shi ko ga Balarabe: babu ɗigo, babu wasali, an miƙe haruffa an lanƙwasa su don su yi kyau. Wanda ya yi karatun allo zai ɗan ji ƙamshinsa, tunda rubutunmu na Magaribi daga tsatson Kufi ya fito, amma ko shi sai ya yi da gaske. Ga shi kuma Turawan wancan zamani sun saba ganin haruffan Larabci a matsayin ado kawai. A tsohuwar ƙofar katako ta babban cocin Le Puy, garin shi Bishop Adhémar ɗin, an zagaye bakin da sassaƙa mai kwaikwayon Kufi. A Ingila, Sarki Offa na ƙarni na 8 ya sa an buga masa dinari kwafin na Abbasiyawa, da shahada a jiki da sunansa a tsakiya. A ganina dai babban dalilin ya fi wannan sauƙi. Abin da ake ɗaga wa mutane daga nesa a cikin hayaƙin turare, suna durƙushe, ba karanta shi suka zo yi ba. Waɗanda ke da makullin akwatin kuwa ba su da wata riba a tambaya.

Da sakamakon ya isa hannun Bishop Louis na Périgueux, a 1934 ya soke ziyarar. A shekarar da ta biyo, Francez ya buga bincikensa a fili. Nan ne nake ganin ya kamata mai karatu ya ɗan dakata kafin ya yi dariya, musamman mu da muke zaune gida ɗaya, kasuwa ɗaya da Kiristoci. Labarin na da daɗin bayarwa a majalisa, "ashe shahada suke durƙusa wa", kuma na san za a tura shi a WhatsApp da wannan kanun. Amma wanda ya tono zancen fada ne na cocin, wanda ya rufe ƙofar kuma bishop ɗin cocin ne, alhali yana iya yin shiru mutane su ci gaba da zuwa. Ba kowane mai riƙe da wurin ziyara ba ne, a kowane addini, zai yarda a kawo masani ya duba abin da ke kawo masa jama'a, balle ya bi hukuncin masanin. Kuɗin gaskiyar kuwa talakawan ƙauyen ne suka biya. Mai masauki da mai sai da kyandir da tsaraba sun wayi gari babu kasuwar Satumba, tsofaffin da iyayensu da kakanninsu suka yi bakance a gaban mayafin aka ce musu yadin fadar Alƙahira ne.

Cadouin ba ita kaɗai abin ya shafa ba. A babban cocin garin Apt, a kudancin Faransa, akwai wani mayafi da aka daɗe ana jingina wa Hannatu mahaifiyar Nana Maryamu. Shi ma da aka karanta, sunayen al-Musta'ali da al-Afdal ne a jiki, har da wurin saƙa, Dimyaɗ, wajen 1096 zuwa 1097. A arewacin ƙasar kuma, a Saint-Josse, an tarar da ƙasusuwan wani waliyyinsu naɗe cikin alharini mai hoton giwaye, da sunan wani kwamandan Khurasan, Bukhtakin, wanda aka kashe a 961. Yanzu yana gidan tarihi na Louvre. A Misira kanta, yawancin ɗirazin Faɗimawa da suka rage guntaye ne da aka tono daga ƙaburbura da juji. Daular ta faɗi a 1171 a hannun Salahuddin, taskokin fadarta suka watse. Na Cadouin da na Apt suna cikin ƙalilan da suka iso zamaninmu kusan cikakku, saboda an ɗauke su abin da ba su ba, aka yi ta lallaɓa su.

Farfajiyar gidan zuhudun tana hannun hukumar yankin Dordogne tun ƙarni na 19. A 1998 UNESCO ta sa gidan cikin jerin wuraren tarihi na duniya, a matsayin zango a hanyoyin masu ziyarar ibada zuwa Santiago de Compostela ta Sifen. Wani sashe na ɗakunan 'yan zuhudun ya zama masaukin matasa masu yawon buɗe ido. Ainihin ƙyallen ya tsufa, haske na cutar da zarensa, don haka an adana shi, kwafinsa ake nuna wa baƙi a wani ɗaki da ke jikin farfajiyar, da bayanin abin da rubutun ya ƙunsa. A cikin cocin kuma, in ka ɗaga kai ta wajen gaba, sarƙoƙin da ake rataye akwatin suna nan.